Kwamared, Ina Fartanyarka?

Taubashi, an ce tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023 ka koma kwamared. Ka tara gemu, kullum kana teburin mai shayi a Bichi kana yi wa 'yan acaɓa lacca a kan gurguzu. Ranar da ka kawo zancen gida, Inna cewa ta yi in na yakuwa kake nema, akwai kwano biyu a ɗakinta, kawo kuɗi.

Kada ka yi mata dariya, ta fi ka sanin abin. Kai Tarayyar Sobiyet kake ta ambato, wadda ta wargaje a 1991 kana zanen goyo. Ita kuwa da idonta ta ga mijinta Baffa ya kwana cikin dawa don gudun masu karɓar haraji. Tana budurwa sunan jam'iyyar NEPU da na Malam Aminu Kano sai a raɗa. Da Abubakar Rimi ya hau gwamna a jam'iyyar PRP a 1979 ya soke haraji da jangali, guɗar da ta rangaɗa har maƙwabta suka fito. Nata gurguzun ke nan: a daina ɗaure mata miji a kan kuɗin kai. Daga baya jam'iyya ta dare gida biyu, Santsi da Taɓo, Malam ya rasu a 1983. Yau duk mai neman ƙuri'a ɗan Malam ne, har ranar rantsuwa.

To kai fa? Ranar rabon gonar Kaka da igiya ka zo, har kukar kan iyaka ka ce taka ce. Aka kira gayya a gonar Gwaggo, ka iso daidai lokacin dama fura. Gerona da ka saya da kaka, ka kulle a ɗaki, sai tsakiyar damina ka kai shi kasuwar Dawanau. Kwamared ke nan!

Kana tambayar makomar aƙidar? Gona ɗaya, magada tara, buhun taki ya fi ƙarfin mutum guda. Bana mu biyar muka yi karo-karo muka sayo kamfa buhu biyu, muka raba da kwanon awo, ba wanda ya ambaci Markis.

Asabar akwai maimai a gonar Gwaggo. Ka zo da hantsi, da fartanya a kafaɗa, kuma kada ka ce mini alamar tsohuwar jam'iyyar NPC ce.