Ɓarauniyar iska a injin tsohuwar mota

Tsohuwar Peugeot 504, irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, tana da wata cuta da ke sa mai mota zargin duniya. Da an tsaya a danja sai inji ya kama kakkarwa, silo ya hau ya sauka, wani lokaci ya mutu murus. Maigida ya tsine wa gidan mai, ya canja filogi, ya wanke kafireta, har ya fara lissafa maƙiya. Alhali wata 'yar tsaga ce a tiyon roba, ko gasket ɗin gindin kafireta, take shigo da iskar da ba a gayyata ba, sai mai ya yi kaɗan a haɗinsa da iska. In tiyon da ke zuwa birki ne, birkin ma ya yi tauri.

Gogaggen bakanike ba ya gaggawa. Yakan bar inji yana silo, ya ɗauki guntun tiyo, ya kafa baki ɗaya a kunne, yana lalube da ɗayan har ya ji "tsss". In kunne ya gaza, sai ya fesa ruwa kaɗan-kaɗan a mahaɗai. Inda muryar inji ta sauya, nan ɓarauniyar take. Masu fesa maganin wanke kafireta kuwa su tuna yana kama wuta, kuma ba a sayar da safayar gemu a kasuwa.

Sai a zo batun biya. "Alhaji, kuɗin tiyo ba yawa," in ji bakanike. "Na kunne za mu yi ciniki."