Ya Je Ta'aziyya

A wuraren aikinmu da wuya ka ji an ce wane bai zo ba. Abin da za ka ji shi ne ya je ta'aziyya, ko ya kai iyali asibiti, ko yanzun nan ya fita sallah. Ga jakarsa a kan kujera, ga sa hannunsa a rajista tun ƙarfe takwas, alhali kowa a ofishin ya san yana Kantin Kwari yana sauke kaya, ko yana gona yana duba masu girbi. Wanda ya sa masa hannun kuma ba ya ganin ya yi laifi. Taimakon ɗan'uwa ya yi, gobe shi ma za a yi masa.

Shi ya sa tambayar nan da masu ɗaukar aiki suke yi a intabiyu take rikita yaranmu. Sai a dubi yaro a ce: abokin aikinka ya ce wa oga ba shi da lafiya, kai kuma ka san biki ya tafi, me za ka yi? Bankuna suna yin ta, ƙungiyoyin agaji suna yi, har makarantun kuɗi sun ɗauka.

Wani yaron layinmu da ya gama bautar ƙasa ya kawo maganar majalisa bayan isha'i. Ya ce shi amsar da ya bayar ita ce nan take zai kai ƙara. Wani dattijo da ya yi ritaya daga sakatariyar Audu Bako ya dube shi ya ce, "Ɗana, tsakaninka da Allah, za ka kai?" Yaron ya ce, "Baba, ai abin da suke son ji ke nan." Dattijon ya ce, "To sun tambaye ka a kan ƙarya, ka amsa musu da ƙarya. Kuma sun gane, don su ma a garin nan aka haife su."

Nan fa majalisa ta kaure. Mai shayi ya ce shi ko a gaban alƙali ba zai raba mutum da hanyar abincinsa ba, mai 'ya'ya bakwai ka sa a kore shi, ina za ka kai alhaki? Wani malamin firamare ya ce, "Yaya, alhakin yaran da aka bari a aji ba malami fa, wa zai ɗauka?" Wani ya ce shi dai amsarsa ba ruwansa, kowa tasa ta fisshe shi.

Ni maganar malamin nan ce ta tsaya mini. Idan muna wannan hira, mutum biyu kawai muke gani, wanda ya yi fashi da oga. Muna manta na uku. Matar da ta zo asibitin sha-ka-tafi da yaro jikinsa zafi ta tarar da ɗakin magani a kulle, ita ce ta uku. Tsohon da ya biya kuɗin mota daga ƙauye don takardar fanshonsa aka ce ya dawo Litinin, shi ne na uku. Har abokin aikin da aka bar wa dutin mutum biyu. Ba su ne suke roƙon a rufa musu asiri ba, shi ya sa ba ma jin muryarsu.

Rufin asiri abu ne mai girma a wurinmu, kuma ban ga dalilin da za mu ji kunyarsa a gaban masu intabiyu ba. Amma mun haɗa shi da wani abu daban. Ka ga aibin mutum ka ƙi yaɗawa, wannan rufin asiri ne. Ka ɗauki biro ka rubuta sunansa a rajista, ko oga ya tambaye ka ka ce ka gan shi a kwance, wannan shaidar zur ce, kuma ƙaryar ta tashi daga tasa ta zama taka. Irin wannan sa hannun, idan ya girma, shi ke haifar da ma'aikatan bogi, har gwamnatin tarayya ta ɓullo da tsarin biyan albashi na IPPIS a 2007 don maganinsu, wasu ofisoshi kuma suka koma na'urar dangwala yatsa saboda an daina yarda da biro.

Hanyar gaskiya kuwa a buɗe take. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta ba ma'aikaci hutun rashin lafiya har kwana 12 na aiki a shekara da albashinsa, idan da takardar likita. Akwai hutun shekara, akwai neman izini, akwai musayar duti. Dokokin aikin gwamnati kuma sun sa fashi ba izini cikin manyan laifuffukan da kan kai ga kora. Wanda yake ƙaunar abokinsa, wannan zai tuna masa tun takardar tuhuma ba ta fito ba.

Da yaron ya tambayi dattijon abin da ya kamata ya ce, amsar ba ta da tsawo. Ya ce ka faɗa wa masu intabiyu za ka fara tabbatarwa, don ji-ta-ji-ta ba hujja ba ce, wataƙila mutumin yana da lalurar da yake jin nauyin faɗa. Sannan ka ja shi gefe ku biyu, ka ce ya je ya gyara da kansa. Ka gaya masa ƙarara ba za ka sa masa hannu ba, kuma idan aka tambaye ka gaskiya za ka faɗa. In ya ci gaba, ko aikin na lafiyar mutane ne ko dukiyarsu, sai ka sanar da shugabanku kai tsaye, ba a bakin ofis ba, ba a zauren WhatsApp ba.

Mai shayi ya ce, "To Baba, in abokin nan shi ya samo maka aikin fa?" Dattijon ya ce masu intabiyu ma sukan bi da wannan, don haka yaro ya shirya. Ya ce shi ya taɓa gaya wa amininsa ba zai ƙara sa masa hannu ba, suka daɗe ba sa gaisawa, kafin daga baya su shirya a wajen wani suna. Mai shayi ya ce shi dai har yanzu bai gamsu ba, a ci gaba gobe.