Yadda Za Ka Binciki Haibirid Ɗinka Kafin Majalisa Ta Yanke Mata Hukunci

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kake mafarkin mota mai cin batir da ɗan mai kaɗan, ga shi Allah Ya kawo Prius 'yar Kwatano har ƙofar gidanka a Lolo. Sai kuma da asuba ta soma karkarwa, fitilar injin ta kama, ka buɗe murfin baƙin mai ka tarar da wani farin abu kamar kindirmo. To, ga yadda ake yi.

Da farko ka rufe bonet kafin 'yan majalisa su iso. In ka yi jinkiri, direban kanta da mai shayi da baƙon da ya tsallako daga Madekali duk za su leƙa, kuma bakinsu zai zo ɗaya: gaskit ya ƙone. Ka yi musu godiya, ka saya musu goro. Mai yiwuwa ne sun yi gaskiya, amma ba a sauke kan injin da ƙuri'a.

Motar nan injinta malalaci ne, haka aka ƙera shi. Daga gida zuwa masallaci, daga masallaci zuwa kasuwa, batir ne ke yawan ɗaukar nauyin, injin ya tashi ya kwanta bai yi zafin kirki ba. Tururin da ke cikinsa sai ya taru a ƙarƙashin murfi ya gauraya da mai, musamman da sanyin hunturu ko da damina. Maganin wannan shi ne yawo. Ka goge murfin tas, ka tafi Bagudo ka gaida 'yan'uwa, ka dawo ka duba. In fari ya ɓace, ka samu lafiyar mota da ladan zumunci.

In bai ɓace ba, raha ta ƙare na ɗan lokaci. Zaro gejin baƙin mai: in shi ma ya koma ruwan ƙasa-ƙasa mai kauri, kada ka sake tayar da ita. Sannan ka duba ruwan sanyaya injin da safe, kafin a kunna. Robobin ruwa biyu ne, ɗaya na injin, ɗaya na kayan lantarki, kada ka yi gadin wanda ba shi ne mai laifi ba. Ja layi a jikin na injin ka riƙa leƙawa. Ruwa na raguwa, ƙasa a bushe, salansa na fitar da farin hayaƙi bayan injin ya yi zafi? Nan majalisa ta ci. Prius ta 2010 zuwa 2015 mai injin lita 1.8 ta yi suna da wannan ciwo: baƙar toka ta toshe bututun EGR mai mayar da hayaƙi cikin injin, gaskit ya gaji, ruwa ya ɗiga cikin silinda da dare, da safe ta yi ta jijjiga sai ta ƙone shi.

Shi kuwa misin, wato karkarwar nan ta asuba, a soma masa daga mai araha. A sa mata na'urar bincike, ko da sai an je Birnin Kebbi. Lambar P0301 a kan na'urar na nufin misin a silinda ta ɗaya, P0302 ta biyu, P0300 kuma ba ta tsaya wuri guda ba. Ka ce wa bakanike ya musanya kwayil ɗin silindar da ake zargi da na maƙwabciyarta. In ciwon ya bi kwayil, an kama ɓarawo. In ya zauna inda yake, a ciro filogi. Wanda ya fita fes alhali 'yan'uwansa sun yi duhu, ba tsafta gare shi ba, ruwa ne ke wanke shi. Kuma ka tuna inda ka sha mai jiya, don man galan na bakin hanya yakan zo da ruwa kyauta.

Abu biyu nake roƙonka da gaske. Shirun motar nan ba barci ba ne: muddin READY na haske a gabanka, injin na iya tashi da kansa hannun yaron bakanike na ciki. A kashe ta, makulli ya koma aljihunka. Wayoyin nan masu launin lemo kuwa suna ɗauke da wuta wajen bolt 200, mai sifana da ƙarfin hali kaɗai kada ya kusance su.

In binciken ya tsaya kan gaskit, ka ce a wanke EGR a aiki ɗaya, a sauya baƙin mai da filta, sannan ka koma majalisa ka faɗa wa mai shayi ya canka daidai.