Minti 15 a Tsaye, Ba Lemo, Ba Kuɗin Zama

Na ga yadda kuka taɓe baki. Tun ban rufe baki daga cewa "taron kowace safiya" ba, Malam na can ƙurya ya ja tsaki, Hajiya kuma ta gyara mayafi tana cewa, wai mitin ɗin ranar Litinin da ke cinye mana rabin yini bai isa ba sai an ƙaro na kullum? Ku kwantar da hankalinku. Wanda nake nufi ba shi da kujera, ba lemo, ba biskit, ba sakatare mai karanto abin da aka tattauna wancan karon. Kuma, Allah ya ba ku haƙuri, babu kuɗin zama, tunda ba wanda ya zauna.

Abin ba wani dogo ba ne. Mutanen da aikinsu ke haɗe da na juna, waɗanda ba su wuce goma ba, su yi da'ira a tsaye, wuri ɗaya, lokaci ɗaya, kowace ranar aiki. Kowa ya faɗi abin da ke gabansa yau da abin da ya tare masa hanya. Minti 15 na cika a watse. Masu rubuta manhajar kwamfuta a Amurka ne suka yayata shi: Jeff Sutherland ya fara da mutanensa a 1993, sannan shi da Ken Schwaber suka gabatar da tsarin da ake kira Scrum a 1995. Shekaru da yawa ana bin tambayoyi uku: me ka yi jiya, me za ka yi yau, me ya hana ka gaba? A 2020 masu tsarin da kansu suka cire tambayoyin daga littafin jagoransu. Duk wanda ya taɓa tsayawa a taron da kowa ke rero amsa kamar ɗan firamare a gaban hedimasta, ba zai yi kewarsu ba.

"To ai ka faɗa da bakinka, kayan Turawa ne." Haba Malam. Ma'aikatan jinya da ke miƙa wa juna aiki da safe a gefen gadon majinyata, me suke yi? Maginin da ke tara leburori kafin a kwaɓa siminti ya ce kai ɗebo ruwa, kai ka hau bene, yashi bai iso ba, daga wace jami'a ya koyo? Abin da muke da shi ne, ofis ne kawai ya manta.

Sai masu ƙorafin gwiwa. Wai don me za a tsayar da manya kamar masu laifi? A 1999 Allen Bluedorn da abokan aikinsa a Jami'ar Missouri sun gwada ƙungiyoyi 111 na mutum biyar-biyar, wasu a zaune wasu a tsaye, aka ba su matsala iri ɗaya. Na zaune sun ɗauki lokacin da ya ɗara na masu tsayuwa da kashi 34 cikin 100, kuma shawarar da suka yanke ba ta fi kyau ba. In wannan bai gamsar da ku ba, majalisar mashawartan sarkin Ingila a tsaye take ganawa har yau, shi kansa sarkin a tsaye. Ban san gwiwar wane darakta ce ta fi tasa daraja ba. Mai ciki da mai ciwo na gaskiya su zauna abinsu, ba da su nake ba.

Hajiya ta ce ai akwai zauren WhatsApp na ofis. Akwai kam. Saƙon da ke cewa dizal ya kusa ƙarewa yana can ƙarƙashin barka da Juma'a goma sha biyu, da ta'aziyya, da bidiyon maganin basir. Sai janareta ya mutu a tuna an taɓa turo shi.

Gaisuwa kuwa, ba mai raba mu da ita, kuma ban nemi a raba ba. Sai dai in mutum goma za su yi wa juna ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya mai jiki, ya muka ji da zafi, minti 15 ɗin ya tafi ba a taɓa aiki ba. A zo da wuri a gaisa a bakin ƙofa har a gaji. Lokaci na yi a fara, ko da Oga bai iso ba. Ranar da aka jira shi sau ɗaya, an koya wa kowa cewa ƙarfe takwas na nufin takwas da rabi.

Duk waɗannan ƙananan hujjoji ne. Abin da ke kashe irin wannan taro a wurinmu shi ne amsar da muka fi ƙwarewa a kanta: babu matsala.

Ɗauki ƙaramar maɗaba'a mai buga kalanda da katin biki. An karɓi aikin kati dubu, za a zo ɗauka ranar Alhamis. Ranar Talata da safe mai zane ya san dangin ango ba su turo sunayen da za a sa ba. Mai inji ya san jar tawada ta kusa ƙarewa. Mai riƙe da kuɗi ya san abin da ke aljihun tebur ba zai sayi takarda da dizal a rana ɗaya ba. Oga ya zagayo da ido, ya ce yaya aiki? Mai zane ya ce alhamdulillahi. Mai inji ya ce muna kai, ranka ya daɗe. Mai riƙe da kuɗi ya sunkuyar da kai ya ce babu matsala. An yi taro, an tsaya a tsaye, an kiyaye minti 15, kuma ba a faɗi komai ba. Ranar Alhamis gwaggon amarya za ta zo ta faɗa musu duka, da ƙarfi, a gaban sauran masu ciniki. Barin kashi a ciki dai ba ya maganin yunwa.

Kada ku yi saurin cewa munafunci ne. Mai cewa babu matsala ya taɓa faɗin gaskiya sau ɗaya, aka wanke shi tas a gaban na ƙasa da shi, ya ɗauki darasi. Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard ta yi bincike a asibitoci a shekarun 1990, tana zaton ƙungiyoyin da suka fi haɗin kai za su fi ƙarancin kuskuren ba da magani. Sai ta tarar su ne suka fi yawan kuskure a rubuce. Da aka bi diddigi, aka ga su ne ba sa tsoron faɗa in an yi. Sauran binnewa suke.

Saboda haka, Yallaɓai, yanzu da kai nake, kuma na san tun ɗazu kana gyaɗa kai kana zaton ma'aikatanka nake yi wa faɗa. Taron nan ba mumbarinka ba ne. Ka yi magana a ƙarshe, in ma ya zama dole. Wanda ya ce tawada ta ƙare, kada ka tambaye shi uban wa ya shanye ta. Ka rubuta a allo, da sunan wanda zai nemo, da ranar da za ta iso. Gobe da allon za a fara. Maganar da ta shafi mutum biyu kawai, su tsaya bayan an watse su ƙarasa, kada a riƙe mutum takwas suna kallon silin. In kuwa abu ɗaya ya kwana uku a allo ba ka motsa ba, kada ka yi mamaki rana ta huɗu kowa ya koma alhamdulillahi.

Masu shakka, akwai inda kuke da gaskiya, kuma zan ba ku. Mutum goma sau minti 15 minti 150 ne, awa biyu da rabi na aiki kowace rana. In aikin kowa ba ruwansa da na wani, direba na hanya, mai gadi na ƙofa, akanta na lissafinsa, ba abin da zai sa a tara su kullum. Sau ɗaya a mako ya isa. Haka in mutanen sun kai talatin, wannan ya zama asambili, a raba su gida-gida. Amma inda jinkirin ɗaya ke tsayar da uku, awa biyu da rabin nan araha ce.

Ku gwada na mako biyu. In allo bai taɓa goguwa ba, ku soke abin, ni ma zan taya ku. Agogon kuwa, ku damƙa shi a hannun wanda ya fi kowa surutu a ofis.