Allurar Hana Gumi

A watan Afrilu, in Nepa ta ɗauke wuta a Unguwar Sanusi, ba ka bambance mai larurar yawan gumi da mai lafiya, kowa jiƙe yake sharkaf. Masu larurar kuwa har cikin hunturu zufa suke, su ake yi wa allurar Botox a hammata. Tun 2004 Amurka ta amince da ita. Dafin ƙwayar cuta ne, yana tare saƙon da jijiya ke aikawa, hammata ta bushe kamar wata shida, sannan a koma a sake biya.

Wani maƙwabcina ya tambayi kuɗinta. Da aka gaya masa, sai gumi ya keto masa ta goshi, wurin da ba ya cikin cinikin.