Yadda Ake Jiran Jirgin Araha

Idan tafiya ta kai ka Turai, ka ga tikitin jirgi daga Italiya zuwa Sifen a farashin da bai kai kuɗin tasi ba, kada ka yi saurin cewa ka tsinci dami a kala. Saya abinka, amma ka sani cikon kuɗin da lokacinka za ka biya.

Fara da gane wanda ake lallaɓawa a harkar nan: jirgin ne, ba kai ba. Jirgi ba ya kawo ko sisi sai yana sama. Kamfanin Southwest na Amurka ya gano haka tun 1972, lokacin da rashin kuɗi ya sa ya sayar da ɗaya daga jiragensa huɗu, ya koma sauke fasinja da ɗibar wasu cikin minti 10. Ryanair na ƙasar Ailan ya kwaikwayi darasin, ya tsayar da nasa a minti 25. A ɗan tsakanin nan mutum 189 za su fito daga Boeing 737, a tsince shara, a sha mai, wasu 189 su shiga. Ta yaya? Ta hanyar jera ku a layi tun jirgin yana cikin gajimare. Saboda haka in an yi kiran shiga, kada ka yi hamdala tukuna. Leƙa taga. In fili ka gani wayam, to a matakalar bene za a tsare ku, kafaɗa da kafaɗa, ba kujera. Sa takalmi mai taushi.

Za a tallata maka damar shiga kafin kowa a kan ɗan ƙarin kuɗi. Biya in kana so. A bakin ƙofa za ka tarar da jama'a tuli sun biya, kuma sau da yawa bas ɗaya ce za ta kwashe ku duka zuwa gindin jirgin.

Ɗauki jirgin asuba, ko da zai sa ka kwana a benci. Jirgi ɗaya ne ke ta safa da marwa tun safe har dare, kamar motar haya mai jigila tsakanin Kano da Zariya: in taya ta fashe da hantsi, fasinjan magariba ne zai ji a jikinsa. Minti 15 a nan, 20 a can, ba kuma a bar sarari a jadawali da za a rama ba. Mai tikitin ƙarfe tara na dare magajin duk latti na yinin ne, gadon da ba ya buƙatar alƙali.

Duba taswira kafin ka yarda da sunan filin jirgi. Beauvais da ake jingina wa Faris yana da nisan kusan kilomita 85 daga birnin. Hahn kuwa, mai amsa sunan Frankfurt, ya haura 100. Wannan jiran na bas ne, ba ya shiga lissafin kowa.

Jaka: akwai ɗan keji a bakin ƙofa da ake gwada girmanta, kuma kowace gardama a wurin tana ƙara wa layi tsawo. Sa babbar riga, ka cika aljihu. Ba a auna aljihu. Ban-ɗaki ma kyauta ne har yanzu, ko da yake shugaban Ryanair, Michael O'Leary, ya taɓa yin zancen karɓar fam ɗaya a 2009.

In latti ya wuce awa biyu, sauya addu'a. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004 ta sa a biya yuro 250 ga fasinjan gajeren zango da ya isa bayan awa uku ko fiye, kuma daga lokacin da aka buɗe ƙofar jirgi ake lissafi. Sai dai in hazo ne ko yajin aikin masu kula da zirga-zirgar jirage, ka haƙura. In ba haka ba, daina roƙon a yi sauri. Mafi asara a filin nan shi ne wanda matuƙinsa ya yi ƙoƙari, aka buɗe ƙofa bayan awa 2 da minti 55.