A Rashin Uwa

Zamanin da Flash, manhajar motsa hotuna, ke sarauta, mai shafin intanet kan cika shi da hotuna masu rawa da kiɗa, kamar gidan biki. Sai ga wayar iPhone a 2007, ta ce ba ta san wannan baƙo ba. A 2010 Steve Jobs, shugaban kamfanin da ya ƙera ta, ya rubuta doguwar wasiƙa yana kushe Flash. Mai waya ya buɗe shafi, ya tarar da fili fetal, kamar ɗakin da aka kwashe kayan amarya. Masu dabara suka ajiye hoto mara motsi da 'yan kalmomi a madadinsa, domin a rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Ƙarshen 2020 kamfanin Adobe, mai Flash ɗin, ya yi masa jana'iza. Uwar ɗakin ce ta gaje gidan.